Haƙƙin Ɗan Gudun Hijira a Cikin Baitulmali

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya shimfiɗa ƙasa domin bayinSa baki ɗaya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya bar mahaifarsa Makka ya sami masauki a Madina, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare a Bazaga da Ƙonni da Malbaza da Illela, Allah Ya karɓi azuminmu. Darasinmu na yau a kan baƙin da tashin hankali ya koro mana ne: wane ne zai ɗauki nauyinsu, kuma da wace dukiya?

Kun sani cewa tun shekarar 2019 ƴan bindiga suka riƙa tayar da ƙauyuka a Sakkwato da Zamfara da Katsina. Dubban mutane suka ƙetaro iyaka zuwa jahar Maraɗi, daga baya kuma zuwa tamu jahar Tawa, musamman wajen Bangi a gundumar Madawa. Talakawa ne suka fara buɗe musu zaure, suka raba hatsin rumbu da su. Allah Ya saka musu da Aljanna. Sai dai rumbun talaka yana da iyaka. Idan baƙunci ya kai shekaru, rijiya ɗaya ta koma shayar da ninkin mutanenta, gona ta yi kaɗan, magani ya ƙare a gidan likita, daga nan ne gunaguni yake farawa, Shaiɗan ya sami ƙofa.

Musulunci bai bar wannan nauyi a wuyan ɗaiɗaikun mutane kaɗai ba. Ansar sun sauki Muhajirai a gidajensu, suka ciyar da su daga gonakin dabinonsu. Amma a shekara ta 4 bayan hijira, da dukiyar Banu Nadir ta shigo hannun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya raba ta tsakanin Muhajirai, tare da ƴan ƙalilan daga matalautan Ansar. Da haka baƙi suka tsaya da ƙafafunsu, masu masauki kuma suka sami sauƙi. Ku duba Suratul Hashri, aya ta 8 da ta 9.

Haka kuma a shekara ta 18, wadda ake kira Shekarar Toka, fari ya koro mutanen ƙauye zuwa Madina. Sayyidina Umar ya ciyar da su daga baitulmali, ya aika wa gwamnoninsa, har da Amru ɗan Asi, su turo abinci. Aya ta 60 a Suratut Tauba ma ta sanya matafiyin da guzuri ya yanke masa cikin mutum takwas masu cin zakka. Saboda haka abin da hukuma take kashewa a kan ɗan gudun hijira haƙƙinsa ne da shari'a ta tabbatar.

A zamaninmu, Nijar tana da dokar ƴan gudun hijira tun 1997. A 2018 kuma gwamnati ta kafa shirin PARCA da dalar Amurka miliyan 80 daga Bankin Duniya, domin ƴan gudun hijira da garuruwan da suka sauke su. A Maraɗi, hukuma da HCR sun mayar da baƙi nesa da iyaka, a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wannan tsari yana kusa da abin da magabata suka yi, matuƙar ajin makaranta da famfon ruwa da gidan likita sun zama na baƙo da ɗan gari tare.

To, ya ku magadan gari da hakimai da masu rubuta sunaye, ku ji tsoron Allah. Buhun da aka rubuta da sunan matar da aka kashe mijinta a Sabon Birni, wanda ya karkatar da shi kasuwa ya ci haram, ko da bakinsa yana ɗauke da azumi. Kada a sa sunan ɗan ɗaki a cire na mabuƙaci.

Ku kuma masu masauki, kada hassada ta ɓata muku ladan da kuka riga kuka tara. Ku tuna Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi, shi ma ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Idan lokacin zakkar fidda kai ya zo, ku sa baƙinku cikin lissafi.

Ku kuma baƙinmu, ku yi rajista wurin hukuma, ku kiyaye dokar ƙasa, ku sa yaranku makaranta, kada ku ɓoye mai kai wa ɓarayi labari.

Allah Ya kawo ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.