Ladabin Kallon Namun Daji: Daga Dajin Birai Zuwa Bakin Kwara

 

Da kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan yawon buɗe ido, na san abin da ake sa ran in faɗa, wato Allah ya hore mana kogi da tsibirai, a zo a zuba jari. Wannan gaskiya ne, wasu kuma sun riga sun faɗe shi fiye da yadda zan iya. Ni abin da zan tsaya a kai shi ne ladabi, domin a cikin koyar da shi na tsufa. Zan fara da wata dabba da ba mu da ko ɗaya a ƙasar Yauri. Ku yi mini haƙuri, za mu dawo gida.

Dabbar ita ce babban birin nan marar wutsiya da Turawa ke kira cimfanzi. A Nijeriya ana samunsa a gandun dajin Gashaka-Gumti, tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, amma na can bai saba da mutane sosai ba. Mai ziyara na iya yini yana tafiya, kuka kawai zai jiyo, sai shimfiɗar ganye da birin ke yi bisa itace kowace yamma don kwana. Inda aka horar da su har suka daina gudun mutum shi ne gabashin Afirka, kamar dajin Gombe na Tanzaniya (ba Gomben da muka sani ba), inda wata Baturiyar Ingila, Jane Goodall, ta soma zama da su a 1960, da dajin Kibale na Yuganda. Sabar da garke guda da ganin mutum aiki ne na shekaru, kullum ma'aikata na bin su daga nesa ba tare da sun ba su tsoro ba.

To, wanda ya biya kuɗinsa ya je Kibale, ba sakinsa ake yi ya shiga daji ba. Tun da safe za a zaunar da shi a karanta masa dokoki. Ba ya shiga sai da jagora, cikin ƙaramar ƙungiya. In an cim ma biran, sa'a ɗaya tak aka ba shi, ko da daga Amurka ya taso. Zai tsaya nesa da su, tazarar mita 7 zuwa 10 gwargwadon dokar kowane daji, in kuwa birin ne ya matso, shi baƙon zai ja baya a hankali, ba gudu. Ba ya cin abinci a gabansu, balle ya miƙa musu. Ba ya ɗaga murya, ba ya kunna walƙiyar na'urar ɗaukar hoto, ba ya kuma kwaikwayon kukansu, domin bai san abin da yake faɗa musu ba. Ƙananan yara ba a shiga da su sam.

Dokar da ta fi jan hankalina ita ce ta mura. Mai tari ko mura ba ya shiga, wanda ya shiga kuma sai ya rufe baki da hanci da ƙyalle. Dalili kuwa, jikin wannan biri ya yi kusa da na ɗan'adam ƙwarai, har cutarmu na kama shi, shi kuwa ba shi da garkuwarta. A 1966 shan-inna ta shiga biran Gombe, ta kashe wasu ta nakasa wasu. A 2013 ƙwayar cutar mura irin wadda ɗanka zai yi kwana uku da ita ya warke ta kashe birai 5 a garke guda a Kibale. Kun ga ke nan rabin dokokin nan dabbar suke karewa daga baƙo, ba baƙon daga dabba ba. An ɗauka cewa daji gidanta ne, mai zuwa kuwa sallama ya yi.

Yanzu mu dawo gida. Mu birinmu dorina ce. Tun kafin a gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, wadda ta tashi mutane fiye da 40,000 daga matsugunansu, Gungawa da sauran mutanen ruwa suke zaune da ita, sun san makwancinta, sun san hanyarta. Bikin Rigata da muke alfahari da shi, bisa abin da magabata suka faɗa, daga fitar mayaƙan ruwa farautar muguwar dorina ya samo asali. Ga kuma tsibiran Foge, waɗanda aka sa cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya a 2008 saboda tsuntsayen ruwa. Dajin Borgu da ke ƙetaren tafki yana da gwaggon biri da ɓauna da gwanki, sai dai matsalar tsaro ta 'yan shekarun nan ta sa ba zan shawarci kowa ya nufi can da iyalinsa ba sai da izinin hukumar gandun. Saboda haka baƙon da kuka kawo gida, bakin ruwa za ku kai shi.

A nan ne nake da ƙorafi, kuma da mu nake, mazauna birni. Wata shekara bayan Salla na shiga jirgi da wasu 'ya'yanmu da suka zo hutu tare da abokan aikinsu. Da aka hango kunnuwa a ruwa, sai matuƙi ya rage gudun inji ya karkata. Wani saurayi ya ce a matsa, hoto bai fito ba. Matuƙi ya ƙi. Saurayin ya zaro kuɗi. Wani kuma ya miƙe tsaye yana ihu wai don ta ɗago kai, ya wurga mata robar ruwa. Dattijon matuƙin nan bai ce da su uffan ba, ni ya duba ya ce, “Malam, da ɗa take.” Sai a lokacin na ga ɗan ƙaramin kai a gefenta. Na yi musu faɗa irin na hedimasta, muka juya. Har muka sauka samarin nan na ganin an cuce su.

Dabbar da namijinta ke kai kilo 1,500, wadda ke iya nutsewa kamar minti 5 ta ɓullo inda ba a zata ba, wadda a tudu ma ta fi mutum gudu, ita ake wa ihu. Hammar da take yi, wadda masu hoto ke jira, ba barci take ji ba, haƙora take nuna maka. Da dare take fita kiwo, ta wata hanya da ta saba bi, wanda duk ya tsaya tsakaninta da ruwa mai zurfi ya sa kansa a halaka. Masunta sun san wannan tun suna yara. Baƙo kuwa, in ji Hausawa, makaho ne ko da yana da ido, ɗan gari da ya shekara 20 a Abuja kuma ya kusa zama baƙo a kan ruwa, ko ya ƙi ko ya so.

Abin baƙin ciki, wanda ya tsokane ta ba shi ke biya ba. Shi gobe ya hau mota ya koma. Masuncin da zai jefa koma a wurin da asuba, da manomin shinkafar da ke kwana gadi a fadama, su za su gamu da ita a fusace. Mun ga abin da ya faru a Oktoban 2024, lokacin da dorina ta kashe wani bawan Allah a Yauri, aka farauce ta aka kashe, labarin ya kai har gidajen rediyon ƙasashen waje. An yi asarar rai, an yi asarar dabba. Ba na cewa masu kallo ne suka jawo wancan, gonaki ne suka ci makiyayarta. Amma dabbar da aka riga aka matse, ba ta bukatar a ƙara mata da tsokana.

Shawarata ga wannan ƙungiya ita ce mu rubuta namu dokokin tun kafin baƙi su yi yawa. Kada mu rubuta su a otal a Abuja. A zauna da sarakunan ruwa na Yauri, Ngaski da Shanga, su faɗi tazarar da ta dace, da watannin da dorina ke goyo, da wuraren da ba a tsayawa, mu namu alƙalami ne kawai. A cikin jirgi maganar matuƙi ce ta ƙarshe, wanda ya ba shi kuɗi don ya matsa kuwa a ɗauke shi mai laifi. Ba jifa, ba ihu, ba tsayuwa, ba zubar da leda da roba a ruwa. Kowa ya sa rigar kariya, a kuma ƙidaya mutane kafin a tashi. Mutanen Ngaski ba su manta da jirgin da ya tarwatse kusa da Wara a Mayun 2021 ba, kuma lodin da ya wuce ƙima ne ya jawo. A kan tsibiri, kafin a ɗauki hoton mace tana wanki ko gidan mutum, a nemi izini, domin 'yan'uwanmu ne, ba abin kallo ba.

Sai batun kuɗi, wanda in ba shi dokar ba za ta zauna ba. A Yuganda kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga gandun daji ana mayar wa ƙauyukan da ke kewaye da shi. Manomin da dorina ta kwana cikin shinkafarsa ba zai saurari wa'azin kare ta ba, sai in ya ga wani abu daga kallonta ya shigo hannunsa. Ina roƙon a ware wani kaso daga abin da kowane jirgin 'yan kallo ya samu, a ajiye shi a hannun kwamitin da manoma da masunta ke ciki, don rage asarar wanda aka yi wa ɓarna.

Mai girma shugaba, na ga sakatare na duban agogo. Ina ba da shawara a naɗa mutum uku daga cikinmu su gana da sarakunan ruwa kafin Rigata mai zuwa, a buga dokokin da Hausa da Turanci, da ajami ma, a kafa a kowace mashigar jirgi. In ana bukatar mai rubutu, hannuna bai soma rawa ba tukuna.