Jawabi Kan Cutar Ƙanjamau Ga 'Yan'uwa a Lausu



A 1983 masana a Faransa suka gano ƙwayar da ke kawo ƙanjamau, a 1986 aka tabbatar da ɓullarta a Nijeriya. Daga 1996 bincike ya kawo magungunan da ke danne ƙwayar cikin jini. Mai shan su kullum babu fashi zai yi nomansa, ya yi aure, mai ciki kuma ta haifi jariri lafiyayye.

Abin da ke hana mutanenmu neman magani shi ne kunya da tsegumi. Ku sani, cin tuwo a kwano ɗaya, ko gaisawa, ko cizon sauro ba sa yaɗa cutar. Dokar ƙasa ta 2014 ta hana tsangwamar masu ɗauke da ita. A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure.

Saboda haka ina roƙonku, kowa ya je asibiti a gwada shi. Kowace ikilisiya ta ware hatsi da kuɗin mota domin masu zuwa karɓar magani. Dattawa da zumuntar mata, ku riƙe asirin wanda ya amince muku.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.