Ciwon da Ya Biyo Bayan Rauni: Jawabi ga 'Yan Mazan Jiyanmu



An ce in yi magana a kan haƙƙin tsofaffin sojojinmu da suka samu rauni a bakin aiki. Ba 'yan kaɗan ba ne a cikinmu. Daga Jekadafari zuwa Tudun Wada da Pantami akwai waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, akwai waɗanda aka tura Laberiya daga 1990 ƙarƙashin ECOMOG, ga kuma samarin da suka dawo daga Borno da Yobe.

Raunin farko kowa ya san shi, tun da ido yana gani. Wanda nake so mu duba shi ne ciwon da raunin ke haifarwa daga baya. Mutumin da aka yanke wa ƙafa ɗaya, shekara ashirin yana ɗora nauyinsa a kan ɗayar. Gwiwar nan sai ta cinye, ƙugu da baya su karkace. Wanda ya daɗe yana shan maganin kashe zafi irin diclofenac ko ibuprofen, yakan wayi gari da gyambon ciki, wani ma ƙodarsa ta taɓu. Wanda ya zauna kusa da igwa, kunne ya yi nauyi, ga ƙara ba dare ba rana. Akwai kuma wanda ba ya barci, da an buga ƙofa sai ya zabura. Wannan ma ciwo ne da likitoci suka sani, kuma suna da maganinsa.

To, mu me muke cewa? "Ai Baba tsufa ne." Shi ke nan an rufe magana. A ganina wannan kalma ta cinye haƙƙin mutane da yawa.

A Amurka, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta rubuta a ƙa'idarta cewa ciwon da raunin aiki ya jawo, ko ya tsananta, ana lissafa shi tare da raunin. A nan gida, kwamitin likitocin soja ne ke auna naƙasar mutum, Hukumar Fansho ta Sojoji da ke Abuja kuma ita ke biya. Kwamiti ya auna ka ne yadda ya gan ka ranar da ka tsaya gabansa. Abin da ya fito bayan shekara goma ba ya cikin fayil ɗinka, sai in kai ka kai shi.

Saboda haka in za ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, kada ka ce wa likita "gwiwa ke damuna" ka yi shiru. Faɗa masa tarihin tun daga tushe: inda aka harbe ka, shekarar, asibitin da aka kwantar da kai, ko asibitin soja na 44 da ke Kaduna ne ko wani, da magungunan da ka yi ta sha. Ka roƙe shi, in har bincikensa ya nuna ciwon yanzu daga tsohon rauni ya taso, ya rubuta haka ƙarara a rahotonsa, da sa hannu da hatimi. Rahoton da ya ce "yana da ciwon gwiwa" kawai, bai haɗa komai da komai ba. Kada kuma ka matsa wa likita ya rubuta abin da bai gani ba.

Daga nan sai ka haɗa rahoton da takardar sallama, da lambarka ta soja, da tsohon sakamakon kwamiti, da hoton ƙashi, ka rubuta takardar neman a sake duba ka. Ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji, wato Lijiyon, zai nuna maka inda za a miƙa ta. Kwafi za ka bayar. Ta asali ta zauna a akwati. Ba na ce da an rubuta za a biya ba ne, don hukuncin na likitocin soja ne, kuma yakan ɗauki lokaci. Kafin nan, wanda bai yi rajista da DHML ba, mai kula da inshorar lafiyar sojoji har da masu ritaya, ya je ya yi, magani ya samu sauƙi.

Ku kuma 'ya'ya, ku ne masu karatun. Ku raka iyayenku asibiti, ku riƙe takardun. Duk wanda ya ce yana da hanya a Abuja, a ba shi wani abu ya tura fayil, ku kawo sunansa wurin shugabannin Lijiyon kafin ku ciro ko sisi.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.