Rumfar Aro Da Sunan Ɗan Kasuwa

Laccar da Magatakardan Reshe ya yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa na ƙasar Batsari da Safana.

 Maganarmu ta yau a kan wayar nan ce da ke aljihunku, da cinikin da a ke yi cikinta.

Kowa ya sani kasuwa ta sake. A da, mai rogo ko dankali a Batsari sai ya jira ran Alhamis, dillali ya zo ya yanke masa kuɗi yadda ya ga dama, domin shi kaɗai ya san abin da buhu ya ke yi a Katsina da Kano. Yau kuwa yaro ya kan ɗauki hoton buhun ya sa a WhatsApp, mai saye ya gani daga birni, su yi ciniki da saƙon murya, ko da ba wanda ya iya karatu a cikinsu. Matar da ke cikin gida a Runka ta kan tallata ƙuli-ƙuli da man gyaɗarta, ba sai ta ɗora wa 'yarta faranti ba. Lalle wannan ci gaba ne, ba mu raina shi ba.

Amma ga tambaya. Wannan sabuwar rumfa, ta wa ce? Ku tuna da 2021. A ƙarshen watan Agusta Gwamnatin Jihar Katsina ta hana sayar da dabbobi a kasuwanninmu saboda ɓarayin daji. A watan Satumba aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Muka yi fiye da wata uku mutum ba ya iya kiran abokin cinikinsa sai ya biya kuɗin mota zuwa inda a ke samun layi. Cikin wannan hali, ran 4 ga Oktoba, Facebook da WhatsApp suka ɗauke a duniya duka wajen awa shida, manyan 'yan kasuwa na Amurka da Ingila suka yi ta kuka. Mu ko labari ba mu samu ba, domin tamu rumfar an riga an rufe ta.

Sa'an nan ku tuna da farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Tsabar kuɗi ta ɓace. Wanda bai taɓa taka ƙofar banki ba ya koma karɓar taransifa dole, mai POS ya zama sarki, ana sayen naira da naira. Sai ran 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. A tsakanin nan mazambata suka samu ƙofa. Mutum ya nuna maka saƙo a waya cewa kuɗi sun shiga, ya ɗauki awakinka, ashe saƙon na bogi ne.

Abin lura shi ne wannan. A duk lokutan nan biyu, waɗanda suka fi tsira su ne waɗanda a ke neman kayansu da sunansu. Da waya ta mutu, mai saye ya aiko direba da sallahu: a je wurin wane, mudunsa cike ya ke. Da kuɗi suka ɓace, aka ba su kaya bashi, su ma suka bayar. Manyan kamfanoni su kan kashe dukiya mai yawa don a san tambarinsu, kamar yadda iyayenmu mata su ke duba tambarin atamfa kafin su taya. Talaka ba shi da kuɗin talla a rediyo. Sunansa shi ne tambarinsa, waya kuwa jakadiya ce kurum, abin da ka ba ta shi za ta kai, mai kyau ko mummuna.

Saboda haka ga shawararmu guda huɗu.

Ta farko, hoton da za ka aika ya zama na kayan da za ka ɗora a mota. Mai saye daga nesa cinikin biri a sama ya ke yi. In ka cuce shi sau ɗaya, da bakinsa zai faɗa wa mutum ɗari kafin magariba.

Ta biyu, ka tsaya ga suna ɗaya da lamba ɗaya, ka rubuta su a jikin buhu ko galan. Ka tabbata an haɗa layin da lambarka ta ɗan ƙasa, don kada a rufe shi da abokan cinikinka a ciki.

Ta uku, kada kaya su bar hannunka don an nuna maka saƙo. Ka duba asusunka da idonka, lambar sirrinka kuwa ko ɗan cikinka kada ya sani.

Ta huɗu, ka sayi littafi, ka rubuta sunan kowane abokin ciniki da garinsa da lambarsa da bashin da ke tsakaninku. In ba ka iya rubutu ba, ka sa ɗan makaranta. Littafi ba ya bukatar caji.

Ga masu mulki kuwa, maganarmu gajeriya ce. Hoto ya kan isa Kano cikin ƙiftawar ido, amma buhu sai ya bi hanya. In hanyar da ta bi ta gefen Dajin Rugu ba ta biyuwa, tallan waya aikin banza ne.

'Yan'uwa, ku shiga rumfar aro ku yi ciniki, amma ku tuna zanen aro ba ya rufe katara. Sunanku shi ne naku, ku tsare shi. Mu huta lafiya.