A San Mutum Kafin a Ba Shi Asiri: Jawabi ga Rassan Maradi, Tibiri da Jiratawa

A 1964 samarin Sawaba da suka koyo aikin soja a Sin da Aljeriya suka shigo Nijar da makamai. Ashe labarinsu ya riga su isa kunnen gwamnatin Diori. Aka kama su, aka harbe waɗansu a Yamai. A shekarar nan kuma aka kulle mutanen Jiratawa a Maradi bisa zargin Sawabanci, da yawa suka mutu don rashin iska.

Darasi biyu ke nan. Kafin mu danƙa wa mutum asiri, mu san gidansu, dattawa biyu su tsaya masa, mu gwada shi da ƙaramin aike, mu faɗa masa rabonsa kaɗai. Amma zato ba shaida ba ne. Mu bincika, kada mu zalunta. Wassalam.