Gyaɗar Pinto: Shimfiɗa Mai Rai A Ƙarƙashin Itatuwa

Jawabinmu na yau ya shafi masu lambun mangwaro, da lemo, da koko, da kwakwar manja, har da masu kula da gandun daji.

Sanin kowa ne cewa ƙasar da ke ƙarƙashin itatuwa sau da yawa fayau take, domin inuwa takan hana ciyawa tsira. In ruwa ya sauko da ƙarfi, sai ya wanke ƙasar sama mai taki, saiwoyi su fito fili, daga nan kuma kwazazzabo ya soma. Maganin wannan shi ne a lulluɓe ƙasar da tsiro mai jure inuwa.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan tsire-tsire ita ce gyaɗar Pinto, wadda masana ke kira Arachis pintoi. 'Yar'uwar gyaɗarmu ce, amma asalinta daga ƙasar Brazil. An sa mata sunan Geraldo Pinto, wanda ya samo ta a jihar Bahia cikin 1954. Ba ta mutuwa bayan damina ɗaya. Yaɗo take yi kamar tabarma, ba ta hawa itace, tsawonta kuwa bai cika wuce santimita 20 ba. Tana ba da ƙananan furanni rawaya masu ban sha'awa.

Amfaninta uku ne. Tana riƙe ƙasa. Tana ƙara mata sinadarin naitirojin, kamar yadda wake da gyaɗa ke yi. Ganyenta kuma abinci ne mai gina jikin shanu da tumaki.

Ga yadda ake shuka ta. A share wurin sarai da farkon damina. A yanki reshe mai gaɓa uku ko huɗu, a binne rabinsa cikin ƙasa mai laima, a bar tazarar kamar rabin mita. In da iri za a yi, a nemi sabo, kada zurfinsa ya wuce santimita 5. Da farko ba ta saurin yaɗuwa, saboda haka lalle a riƙa cire mata ciyawa har ta rufe ƙasa.

Sai dai a kula da abu biyu. Na farko, tana bukatar ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, watau ta fi dacewa da kudu da tsakiyar ƙasarmu. A wurare kamar Sakkwato da Maiduguri, inda rani ke da tsawo, ba za ta yi ba sai da ban ruwa. Na biyu, 'ya'yanta cikin ƙasa suke, don haka in ta kafu fitar da ita da wuya. Kada a sa ta inda ake nufin noma hatsi nan gaba.

Ku fara da ƙaramin wuri, ku kuma nemi shawarar malamin gona na yankinku kafin ku faɗaɗa. Ƙasar da ruwa ya tafi da ita ba ta dawowa a zamanin mai ita. Mu huta lafiya.