Taimakon Gwamnati ga Manoma Wajen Tsare Ƙasa a Masarautar Gumel



Makasudin wannan lacca shi ne a duba irin taimakon da hukuma ke bai wa manoma domin tsare ƙasar noma da ruwa da iska a ƙasar Lautai, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, sa'an nan a auna inda taimakon ya kai da inda ya gaza.

Galibin ƙasar wannan yanki jigawa ce, mai sauƙin huɗa amma maras riƙon ruwa da taki. Damina gajera ce. Idan gona ta kwana tsirara tun daga kaka har bazara, iska takan kwashe ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka, ta cika sarari da ƙura; in kuwa aka yi shuka, sai rairayi ya binne gero tun yana tsiro, manomi ya koma neman iri na biyu. Farin 1973 da na 1984 su suka nuna wa hukuma cewa al'amarin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Taimakon farko ya zo ne ta hannun ma'aikatar gandun daji, tun yankin yana cikin Jihar Kano. An kafa wuraren rainon itatuwa, an raba dashe kyauta, an kuma jera darbejiya da turare layi-layi domin su tare iska. Daga 1987 zuwa 1996 Bankin Duniya ya ba da rance aka faɗaɗa aikin a jihohin arewa, Jigawa ta gaji nata kason da aka ƙirƙiro ta a 1991. Bayan haka Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar katangar itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Jigawa na cikin jihohi 11 da ya shafa. A 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da tattalin ruwa a jihohin arewa 19 da Abuja.

Babu shakka shingen itatuwa yana rage ƙarfin iska. Amma binciken da aka yi a Yambawa, kusa da Dambatta, ya nuna cewa saiwar turare tana ƙwace ruwan geron da ke dab da shingen, kuma in tazarar layuka ta yi yawa, tsakiyar fili ba ya samun kariya. Matsala mafi girma kuwa tana cikin harshe. Bahaushe ya bambanta dashe da raino. Dashe aikin yini ɗaya ne, raino kuwa aikin shekaru ne na ban ruwa da shinge da korar awaki. Hukuma ta fi ƙididdige dashe. Manomin da ya saba ganin malamin daji yana cin tarar wanda ya sare reshe, ba zai ɓata ruwan rijiyarsa a kan abin da yake kira itacen gwamnati ba.

A nan ya kamata a leƙa ƙetaren iyaka. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga tsakiyar shekarun 1980, manoma suka rungumi sassaben zamani: maimakon a tumɓuke tohon kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi masu ƙarfi a gyara su, a bar su su girma. Da hukumar Nijar ta sassauta dokar daji, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai gawo ya cika gonakin Magariya da Matamaye. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo a ƙasar ya kai hekta miliyan 5. Gawo kuwa yakan zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani. Mutanen da suka yi wannan aiki su ne ake haɗuwa da su kowace Alhamis a kasuwar Maigatari.

Saboda haka akwai abu huɗu a wuyan ma'aikatan hukuma. Na farko, a tabbatar wa manomi a rubuce cewa itacen da ya raina mallakarsa ne. Na biyu, a auna nasara da yawan itatuwan da suka rayu bayan shekara uku. Na uku, dashe da kayan aiki su isa ƙauye da faɗuwar damina, malaman gona kuma su yi bayani da Hausar da manomi ke ji. Na huɗu, a sa dagatai da ardoɗin Fulani cikin shawara, a tsare burtali da mashaya, domin shingen da makiyayi bai yarda da shi ba ba ya daɗewa.

Ɗalibai kuma aikinsu shi ne su shiga ƙauyuka su tattara sunayen itatuwa da ciyayi da ire-iren ƙasa daga bakin tsofaffi, tun masu sanin suna raye, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya ba da damina mai albarka.